Taifot Ɗin da Na Ɗora wa Inna

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ranar da na kai Inna asibiti a Dutsin-Ma ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko yanzu da nake rubutun nan sai da na ji kunya ta sake lulluɓe ni.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ni malamin firamare ne a Kurfi, ban taɓa leƙa ajin aikin lafiya ba. Abin da ya haɗa ni da magani shi ne wata uku da na yi ina tsare wa wani abokina kemis bayan na gama sakandare. Wata ukun nan su suka ja mini sunan "Likita" a gidanmu da ke Rawayau, ni kuwa ban taɓa cewa a daina ba. (Daɗi ma nake ji, musamman in an kira ni a gaban baƙi.) Duk ilimin nawa cuta biyu ne: in jiki ya yi zafi, maleriya ce, in an sha magani bai sauka ba, ta zama taifot. A wajenmu ai taifot sunan duk ciwon da ya ƙi tafiya ne. Mutum ya rame, taifot. Ya kasa cin tuwo, taifot. Ko gajiyar noma ce ta kayar da shi, sai a ce taifot ɗinsa ne ya tashi, kamar wani ɗan haya da ke zaune a jikinsa.

To, bayan girbi sai mahaifiyata, Inna, ta fara rama. Ga kasala, ga ƙishirwa kamar mai azumi, ga yawan zagawa bayan gida. Na zo ranar Asabar, na taɓa goshinta, na ja fatar idonta na leƙa (har yau ban san abin da nake nema a ciki ba), na gyara murya na ce taifot ne.

Yaya Hajara, babbar yayarmu da ke aure a Tamawa, tana wurin. Ta ce, "Anya kuwa? Jikin nata fa ba zafi. Mu kai ta a auna mana."

Na ce, "Yaya, shi taifot na cikin ƙashi ba ya nuna zafi."

Ban san inda na tsinto wannan maganar ba, amma ta yi kama da ilimi, sai Yaya ta ƙyale ni. Na sayo kafso. Da yake kuma Inna ba ƙarfi, na ba da umarni a riƙa ba ta lemon malt biyu a rana, da shayi mai kauri da sukari, kunu kuma a zuba masa zuma. Kullum in na tashi makaranta sai in hau babur in je in tabbatar ta shanye. Mako uku muna haka.

Ranar wata Juma'a na yi sallama, sai ta kira ni da sunan ƙanena. Ta ce dishi-dishi take gani. Na dubi hannunta, awarwaron da ke kama ta a da yana sulalowa har gwiwar hannu. Washegari da safe muka ɗauki shatar mota. Inna ta jingina kai a kafaɗar Yaya, sau biyu muna tsayawa tana neman ruwa. Ni ina gaba ina addu'a. Tunda na ce zan faɗi gaskiya: rabin addu'ar Allah ya tashi kafaɗarta ne, rabin kuma Allah ya sa a ce taifot ne.

Likitar da muka samu mace ce, ba ta kai ni shekaru ba. Tun kafin ta tambaya na tari numfashinta: "Likita, taifot ne, mun riga mun gano. Maganin ne bai karɓe ta ba, sai dai a canza mata mai ƙarfi."

Ba ta ko kalle ni ba. Ta yi wa Inna tambayoyi, ta soki yatsarta, ta ɗiga jinin a ɗan abin awo. Ta duba, ta sake soka, ta sake dubawa. Sai ta kira nas ta ce a shirya gado da ƙarin ruwa yanzu-yanzu.

Ta ce wa Inna, "Baba, suganki ne ya hau sosai. Me kike ci kwanakin nan?"

Inna ta shiga lissafi da alfahari: malt, shayi, zuma. Yaya kuma ta zuge jakar da na riƙo, ta fito da kwalaben malt biyu da na taho da su don kada Inna ta galabaita a layi, ta jera su a kan tebur.

"Wa ya ce a ba ta wannan?"

Inna ta nuna ni da yatsar da aka soka. "Ɗana wanga. Ai shi ma likita ne."

Ƙofa a buɗe take, masu jiran layi duk suna ji. Likitar ta juyo, karon farko ta dube ni da kyau, ta ce, "Ayya, ashe abokin aiki ne. A wane asibiti kake?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Firamare nake koyarwa." Muryar ma ba ta fita ba, sai da ta sa na maimaita. Wani tsoho a bakin ƙofa ya ce, "Inna lillahi."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Malam, taifot cuta ce guda, tana da ƙwayarta, tana da gwajinta. Ba suna ba ne da ake liƙa wa duk wanda ya rame. Da kun ƙara kwanaki kuna ɗura mata zaƙin nan, da a sume za ku kawo ta."

Sai Inna, da ƙyar take ɗaga kai, ta ce, "Ɗiyata, kada ki yi mashi faɗa. Shi kaɗai ke zuwa kullum ya duba ni."

Wannan ce ta karya ni. Na fita bayan ɗakin na tsuguna na yi kuka da gemuna.

Kwana shida ta yi a gado, kwana shida ban iya haɗa ido da Yaya ba. Allah ya taimaka sugan ya sauka, ganin ma ya dawo, sai dai magani ya zama na kullum, zumar da take so kuma an raba ta da ita.

Yanzu in wani ya tare ni a Rawayau ya ce jikinsa ba daɗi, magani ɗaya nake rubutawa: hau babur in kai ka a auna. Kowa ya koma kirana Malam, ban da Inna. Duk safiyar da na same ta da kofin kununta salam, sai ta ɗaga shi ta ce, "Likita, a sa zuma?"

Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in ce, "A tambayi Yaya."