Rasuwar Rijiyar Gidan Malam Ƙasimu

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, wadda ta ƙi zama wuri ɗaya, Malam Ƙasimu na Ƙofar Marke yake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar rijiyar gidansu. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara sittin da ɗaya a duniya da zurfin gaba goma sha huɗu a ƙasa.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta taɓa ƙafewa ba, ko a bazarar da famfon unguwa ya yi wata uku yana hura iska. Ba ta san ɗan gida da baƙo ba. Duk wanda ya zura guga sai ta amsa masa da tsundum ɗin nan nata mai sanyaya rai.

Ba ta nuna ciwo ba, ruwanta garau, babu wari. Wadda ta fara nunawa ita ce Khaula, jikar Malam, 'yar wata uku, da ake dama wa madarar gwangwani saboda nonon uwarta Zulaihatu bai kawo ba. Leɓɓanta suka yi shuɗi, numfashi sama-sama. A asibiti aka sa a gwada ruwan, aka tarar da naitiret, sinadarin da ke hana jinin jariri ɗaukar iska. Malam ya ce ai tafasawa ake yi. Aka ce masa tafasawar ƙara masa ƙarfi take, don ruwan ne ke tashi, shi yana nan daram.

Tun ranar Malam bai zauna ba. Ya ji cewa nakiya na da naitiret, ga kuwa wani ɗan kwangila yana fasa dutse da ita a bayan unguwa. "Nakiyar mutanen ga ta, ɗiyata," haka ya gaya wa Zulaihatu a bakin gadon asibiti, har da rantsuwa. Sau uku yana zuwa wurin aikin yana faɗa, har takalminsa ya tsinke. Da ya gaji ya koma zargin buhunan takin zamanin da ƙaninsa manomin shinkafa ya ajiye a zaure, ya sa aka fitar da su cikin rana tsaka.

Malama Fauziyya, ma'aikaciyar gwajin ruwa, ba ta saurari kowa ba. Ta ɗebi ruwan rijiya bakwai, daga wurin fasa dutsen har zuwa gidan. Na kusa da nakiyar duk sun fi tsabta, kuma alamar da gwaji ya nuna ba ta nakiya ba ce, ba ta taki ba, ta masai ce. Ta auna daga bakin rijiya zuwa salgar gidan da ƙafarta: taku tara.

Shekara takwas ke nan da aka raba gado, aka datsa gidan kashi huɗu da katanga, kowane magaji ya gina tasa salgar. Malam da kansa ya zaɓi wurin tasa, don kada a yi nisa da buta. Shi ya riƙe wa magini igiya.

Marigayiyar ta bar guga biyu, igiya mai ƙulli uku, randuna huɗu, bishiyar lemun tsami ɗaya da gidaje tara da ke sha daga gare ta. Ta bar kuma dattijo guda da ke kai da kawowa a tsakar gida, ya ƙi kallon kusurwar yamma inda salgarsa take.

Za a rufe ta da ƙasa ranar Asabar bayan la'asar. Mai zuwa ya zo da shebur, da ruwan shansa. Ba za a yi zaman makoki ba. Malam zai zuba ƙasar farko ya wuce asibiti, inda jiya Khaula ta buɗe ido ta karɓi madara. Uwarta har yanzu tana tsine wa ɗan kwangila, kuma Malam ya roƙi kowa kada ya riga shi faɗa mata gaskiyar.