Kyandir Mai Jan Farce

Ba zan taɓa mantawa ba da Lahadi ta uku ta jiran Nowel, wato Kirsimeti, shekarar da nake ajin ƙarshe a lise, babbar sakandare. A shekarar aka mayar da Baba koyarwa Tebaram, ya bar mu a Tawa. Mama ta ce da ya buɗe baki ya roƙa da an bar shi, shi kuwa ya ce ma'aikaci ba ya zaɓen wurin aiki. Tun daga nan, ko ya zo gida, magana sai ta biyo ta kanmu: “Gaya wa Babanku tuwo ya yi.”

A majami'armu akan naɗa kambi na ɗanyen ganye, a kafa kyandir huɗu, kowace Lahadi iyali guda su fito su kunna. Ta uku ta faɗo kan gidanmu. Na ɗauka a raina cewa idan Baba da Mama suka tsaya kafaɗa da kafaɗa gaban jama'a, komai kuma ya tafi daidai, wataƙila su shirya.

To ni mutum ce mai karatun tsiya. Na karanta cewa kyandir na uku ruwan hoda ne, domin ita ce Lahadin farin ciki. Majami'armu kuwa farare take kunnawa tun kafin a haife ni, ba wanda ya taɓa mutuwa. Amma ni na karanta. Na zagaye kasuwa, wani mai kanti har ya tambaye ni ko kyandir ɗin zai je biki ne. Da na rasa, sai na ɗauki jan farcen Yaya Hannatu (ban tambaye ta ba, kunya ta hana ni), na shafe farin kyandir tas, na bari ya bushe, na sake shafawa. Kambin ma na roƙi a bar mini. Na naɗa shi da ganyen dogon yaro tun Talata, don ba na son aikin gaggawa. Ganyen da aka tsinka Talata a Tawa, ku ƙiyasta yadda zai kai Lahadi.

Muka fito gaba. Baba a dama, Mama a hagu, tsakaninsu rata da jaki zai iya wucewa da kaya. Na kunna biyun farko lafiya. Ina kai ashana kan na ukun sai wuta ta bi jikinsa har ƙasa, fuuu, ta kama busasshen ganyen. Majami'a ta gauraye da warin ɗakin kitso. Mawaƙan majami'a suka tsaya a tsakiyar waƙa. Ni kuwa (wai mai ilimi) na tsaya riƙe da ashana, ina hura wutar da baki.

Baba ya cire hularsa yana bugu. Mama ta warware mayafinta ta danne sauran. Kafin a kawo ruwa sun kashe ta, suna haki, gefen hular yana hayaƙi. Sai wata tsohuwa, Kaka Saratu, ta ce daga bencinta, “To, wagga shekara dai farin ciki ya zo da ƙarhinshi.”

Na so ƙasa ta tsage. Amma da na ɗaga ido, Mama ce riƙe da hannun Baba tana jujjuya shi.

“Malam, ka ƙone?”

“Kaɗan na. Ɗiyarki dai ta so gasa mu.”

“Ɗiyata? Wa ta gado da bin littahi?”

Suka yi ta danne dariya har aka gama addu'a. Monper, limaminmu, ya kawo wani farin kyandir, ya ce Almasihu ma ba a gidan da aka kintsa ya sauka ba, sa'an nan ya miƙa wa Baba da Mama ashana su kunna tare. Ni dai ba a sake ba ni ba.

Baba ya koma Tebaram washegari da yajin da Mama ta daka masa, Yaya Hannatu ta yi mako ba ta kula ni. Abin da na koya shi ne, Ubangiji yana iya aiki da shirmen mutum, amma wannan ba dalili ba ne na kai masa wani. Bana an ba ni sharar majami'a, kuma ban karanta komai a kan tsintsiya ba.