Injiniya Nazifi a Falon Surukai

Akwai wani saurayi a Gusau, Nazifi, wanda in ya buɗe baki sai ka rantse shi ya jawo wa garin intanet da hannunsa. Aikinsa na gaskiya kuwa, robar waya yake sayarwa a bakin kasuwa, yana manna wa mutane gilashi a fuskar waya. Sana'a ce mai rufin asiri, har shadda yake ɗinkawa da ita. Amma bakinsa ya fi ƙarfin rumfarsa. In sabis ya ɗauke a majalisa, sai ya girgiza kai ya ja tsaki.

"Yaran nan ba sa ji! Na ce kada su taɓa babban layin sai na zo."

Abokai su ce, "Sai Injiniya!" Shi kuwa kai ya ƙara kumbura.

Ana nan sai Allah ya haɗa shi da Rumasa'u. Gilashi ta kawo a manna mata. Ya manna, ya goge wayar da hannun rigarsa, ya miƙa mata da hannu biyu. Abin da ya sace zuciyarta ke nan, wallahi, ba wani abu ba. Da ya sani da ya huta. Amma ina! Ran da ya fara zuwa zance ya nuna mata dogon ƙarfen sabis da ke bayan unguwarsu.

"Kin ga wancan? Ni na dasa shi. Rumfar nan ta ƙanena ce, taya shi zama nake."

Ta ja mayafi ta rufe murmushi. Ita dai muryarsa take saurare, maganar tana wucewa ta gefe. To amma ranar da mahaifinta ya tambaye ta sana'ar yaron, abin da aka gaya mata shi ta faɗa.

Mahaifin nata, Alhaji Tanimu, dillalin hatsi ne. Bai taɓa duba buhu ta sama ba, ta gindi yake huda shi. Kowa a unguwa ya sani, zai iya ba talaka 'yarsa, amma ba zai ba maƙaryaci ba. Ya aika a ce yaron ya zo su gaisa.

Bayan La'asar sai ga Nazifi, shadda tana ƙarau-ƙarau, hula ta zauna daram. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar gida. Ya shiga falo, ƙamshin turaren wuta ya buge shi, ya zube a gefen kafet ya sunkuyar da kai. Kun san dai yadda ake yi. Saurayin kirki ba ya ɗaga ido a gaban suruki. Nazifi ya ƙudura a ransa, yau ko rufin ɗakin ne ya kama da wuta, ba zai ɗago ba.

Aka gaisa, aka tambayi mutan gida. Sai Alhaji ya gyara murya.

"Mamana Rumasa'u ta ce injiniya ne kai."

"E to, Baba, ana ɗan taɓawa."

"Allah ne ya kawo ka. Tun safe kwamfutar nan ta daina ganin rawutar gidan nan. Mun duba, mun duba, ko sunanta ba ya fitowa. Ga ta can, duba mana ita."

Alhaji ya nuna da hannu. Ina ya nuna? Oho! Idon Nazifi yana kan furen kafet.

Rawuta dai ya san akwati ce da ke raba intanet a gida, a bakin mutane yake jin ta, amma ko a mafarki bai taɓa riƙe ta ba. Ya ɗago ya duba, a ce ba shi da kunya. Ya ce "wacce?" a ce wane irin injiniya ne wannan. Sai ya saci kallo ta wutsiyar ido, ƙasa-ƙasa. Can kusa da ƙafar Alhaji, a kan wata 'yar kujera, ga wani farin akwati mai gilashi a fuska, da igiyar roba, da wata baƙar ɗamara a naɗe.

Ya ce a ransa, yauwa, ga ki!

Ya ja gwiwa ya ɗauko. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya. Ya hure ta, fuu! Ya ƙwanƙwasa, ƙwas-ƙwas. Ya kara a kunne.

Alhaji ya dube shi, ya ce, "Wannan ce?"

"Ita ce, Baba. Irinta na sha gyarawa a Abuja. 'Yar Dubai ce, sai dai tsohon yayi."

"Ikon Allah. To me ya same ta?"

"Sabis ne ya daskare a ciki."

"Daskarewa yake yi?"

"Sosai ma, Baba. Kamar man shanu. In aka daɗe ba a motsa shi ba, sai ya kwanta."

Daga bayan labule aka ji wani ɗan sauti, kamar an toshe baki da mayafi. Nazifi ya gane Rumasa'u ce. Ya ce a ransa, ka ji, har ta fara alfahari da ni. Nan fa kai ya ɗau zafi.

Ya warware ɗamarar, ɓaaar! Ya kama haɓa.

"Innalillahi! Wa ya naɗe wannan? Ai dole kwamfuta ta makance! Baba, wannan ita ce kunnen na'urar. Ita ke jiyo sabis daga sama, ta zuba shi ta wannan igiyar."

"Ka ga ni kuwa a hannu nake ɗaura ta."

"A hannu? Subhanallahi! Allah ya kiyaye gaba. Baba, kada a sake. Ƙarfe take so."

"To, Injiniya. Mu da ba mu yi boko ba."

Nazifi ya lalubo fulas ɗin shayin da aka ajiye masa. Ya naɗa wa fulas ɗin ɗamarar, ya ɗaure tam. Ya yi bismilla a fili, a ɓoye kuma yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Ya danna babban maɓallin.

Na'ura ta ce ɓuuuuu! Ɗamara ta fara kumbura. Tana kumbura, tana matse fulas. Saura kaɗan Nazifi ya jefar ya ruga, amma ya dake.

"Ka ji ko, Baba? Narkewa yake yi."

Daidai nan aka yi sallama. Hajiya Gambo ce, mahaifiyar Rumasa'u. Kai, ina wuta Nazifi ya faɗa! Ya ƙara dunƙulewa, goshi ya kusa taɓa ƙasa, yana ta jero gaisuwa. Ƙafafunta kawai ya gani sun wuce ta bayan kujera. Ya ji wani abu ya ce ƙyas, sannan ƙyas.

Jim kaɗan kwamfuta ta ce ting!

Alhaji ya leƙa. "A'a! Ga sunanta ya fito. Ta kama."

Wayyo daɗi! Nazifi ya ji kamar an ɗaura auren an gama. Har ya hango kansa a babbar riga, abokai na yi masa fifita. Ya share gumi da yatsa, ya yarfar.

"Ai ƙaramin aiki ne, Baba. Wani da sai ya ce a sayo sabuwa. Fulas ɗin dai kada a taɓa shi. Nan zai zauna. In ana son shayi a nemi wani."

"Har abada?"

"Har abada, Baba."

Alhaji ya juya. "Hajiya, me kika taɓa a bayan kujerar nan?"

"Kaskon turarena na cire, Alhaji. Tun safe na jona shi, na ce baƙo zai zo, kada falo ya yi warin buhu. Ka san soket ɗaya ne mai kyau a ɗakin nan, shi ne na zare wayar wancan abin mai ƙaho. Yanzu na mayar masa da kayarsa." Sai idonta ya sauka ƙasa. "Lah! Wa ya ɗaura wa fulas abin awon jininka?"

Na'urar ta saki iska, fiiiish.

Alhaji ya ce, "Samari."

"Na'am, Baba."

"Na yafe maka kunyar. Ɗago kanka."

Nazifi ya ɗago a hankali, kamar wuyan ba nasa ba. Can saman kabad, daidai inda Alhaji ya nuna tun farko, ga wata baƙar aba zaune da ƙahoni a miƙe, fitilunta suna ƙyafta masa ido, ƙyaf-ƙyaf-ƙyaf.

"Waccan fa, Injiniya, mece ce?"

Wai don kada a ce bai ce komai ba, sai Nazifi ya ce, "Ai... ai tare suke aiki, Baba."

Bayan labule abin ya gagara riƙo. Dariya ta ƙwace wa Rumasa'u, aka ji ƙafafunta tana gudu cikin gida, awarwaro na ƙara. Hajiya ta bi ta tana "Ke, ba kya jin kunya?" alhali ita ma kafaɗunta rawa suke.

Alhaji kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya sunkuya ya kwance wa fulas ɗamara.

"Miƙo hannunka."

"Baba, ai..."

"Miƙo. Na ga gumi ya jiƙa maka shadda."

Ya ɗaura masa a damtse, ya danna. Ɓuuuuu! Ɗamara ta matse Injiniya, ido ya raina fata. Lamba ta hau, ta hau, ta ƙi tsayawa. Alhaji ya sa tabarau ya duba, ya cire, ya goge, ya sake dubawa.

"Kai! Ni da likita ya hana ni gishiri ban taɓa kai nan ba." Ya ɗaga murya. "Hajiya! A kawo wa Injiniya ruwan sanyi, kada ya faɗi mana a falo gari ya rasa sabis!"

Nazifi ya ce da 'yar murya, "Baba... robar waya nake sayarwa."

"Yauwa. Ka ga har ta fara sauka." Alhaji ya kwance ɗamarar yana naɗewa. "Tashi ka je gida ka kwanta. In ka warke, ka turo mini mai robar wayar, shi ina da magana da shi. Injiniyan kuwa kada in sake ganin ƙafarsa a gidan nan."

Nazifi ya miƙe, ya doshi ƙofa da baya da baya, hula a hannu. Har ya sa ƙafa waje, Alhaji ya kira shi.

"Samari!"

"Na'am, Baba?"

"Asibiti na kan hanyarka. Don girman Allah, kada ka tsaya taimaka musu."