Ranar da Na Kama Hancin Malam

Ba zan taɓa mantawa da wata azahar ta bazara ba, cikin shekarun tamanin, ina amarya wata bakwai a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Har yau idan ta faɗo mini ina tsakiyar tuƙa tuwo, sai in ajiye muciya in rufe fuska, alhali ba kowa a madafin sai ni.

Maganar da ta riga ni isa gidan mijina ita ce 'yar boko ba ta da kunya. Na gama sakandare, wannan kaɗai ya isa laifi. Don haka na ɗaura ɗamarar wanke kaina. Surukina, wanda kowa ke kira Malam, yana da makarantar allo a zaure da gonar alkama a bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Da na ji gyaran muryarsa sai in saki abin da ke hannuna in faɗa ɗaki (miyata ta ƙone sau biyu a kan haka). Gaisuwa kuwa daga bayan labule, a durƙushe. Wata bakwai bai san yadda fuskata take ba. Inna, uwar mijina, har ta fara ce wa maƙwabta, "Ashe dai an yi wa yarinyar nan tarbiyya." Wannan shaidar nake lallaɓawa kamar ƙwai.

To, a ƙasan akwatina akwai wani tsohon littafi na yayana mai karatun likita, bangonsa ya cire. Shafi ɗaya ne ya sace mini zuciya. An zana kan mutum ta gefe, aka nuna wani ɗan lungu a bayan ƙashin kunci, ƙasa da ido, wanda bai fi kan ɗan yatsa ba. Ɗan ɗaki ne mai ƙofofi ta ko'ina: wata ta ɓulla hanci, wata kwarmin ido, wata ta gangara ganɗa, wata ta koma cikin ƙoƙon kai. Jijiyar jini ta taso daga wuya, ta bi bayan muƙamuƙi, ta shigo nan ta rarrabu, reshe ɗaya ya kutsa ta wata 'yar kafa ya shayar da can cikin hanci. A tsakiya kuma akwai wani ɗan ƙulli na jijiya, shi ke ba hawaye da majina izinin fitowa. Shi ya sa mai kuka yake jan hanci.

Idan gida ya yi tsit bayan azahar, sai in kwanta da littafin ina jin ƙarar ruwan kanal a bayan katanga. In ga lungun nan tamkar mararrabar da ruwan madatsar Tiga ke isowa a buɗe masa ƙofofi, wannan ya nufi tumatir, wancan ya nufi alkama. Sai in ga na zama ƙarama kamar tururuwa, ina zaune a cikin ɗakin, jan ruwa na wucewa ta gefena a hankali, ina ta tasbihi. Wa ya gina wannan a bayan kuncin kowa, har da wanda bai taɓa yin godiya ba? Wani lokaci sai kiran la'asar ke dawo da ni.

Ranar da abin ya faru an gama sussukar alkama, muna tsakar gida muna murza taliyar bikin ƙanwar mijina. Mata sun kai goma, har da Gwaggo, yayar Malam, wadda ba ta taɓa yarda da ni ba. Hannuna yana cikin ƙullu, hankalina yana cikin lungu.

Sai Malam ya shigo ba ko gyaran murya, ya ɗaga kai sama, jini ya ɓata gaban rigarsa. Haɓo ne, zafin rana ya taso masa da shi a gona. Inna ta zaunar da shi a kan turmi tana sheƙa masa ruwan randa a ka, Gwaggo tana cewa, "Ƙara ɗagawa, ƙara ɗagawa ya koma."

Wallahi ni ban ga Malam ba. Shafin nan na gani, an buɗe ƙofa ruwa na ɓarna, kuma ana juya shi yana gangarawa maƙogwaro. Ban san na miƙe ba. Na ture Inna (Inna fa), na dafa ƙeyarsa na sunkuyar, na damƙe hancinsa da yatsu biyu masu ƙullu.

"Sunkuya. Numfasa ta baki. Kada ka haɗiye, tofar." Ban tsaya nan ba, har da karatu. "In daga gaba ne yanzu zai tsaya. In kuwa daga can baya ne, wajen ɗan lungun, sai an tafi asibiti. Minti goma za mu yi, kada ka motsa."

Wajen minti na uku na lura injin taliya ya yi shiru. Na ji iska a kaina, ashe ɗankwalina yana ƙasa. Na dubi hannuna, na bi shi da ido har ƙarshensa, na tarar da hancin uban mijina.

In saki, jini ya dawo. In ci gaba, ga ni tsaye kai ba ɗankwali a kan mutumin da ban taɓa yarda ya ga ko dunduniyata ba. Sai na miƙar da hannun iya tsawonsa, na juya fuska ga bango, na tsaya a haka kamar mai riƙe da akuyar wani. Ɗan ƙullin jijiyar nan kuwa ya ba da izini, hawaye da majina suka taho tare, ba hannun sharewa.

Can Malam ya yi magana, muryarsa a toshe.

"Wai wace ce wannan?"

"Matar ɗanka ce, Malam," in ji Inna.

Sai ya ce, "To. Sannu da aiki."

Gwaggo ta ce, ba ta ko rage murya ba, "Ai na faɗa muku. Yau hanci, gobe gemu."

Jinin ya tsaya, alhamdulillahi. Na saki, na bar masa farin tambarin yatsuna a gefe da gefe, na shige ɗaki na saka sakata. Kwana uku ban fito ba sai alwala. Na naɗe kayana, don na tabbata za a ce in je gida in huta. Mijin nawa da na zaci zai lallashe ni, da ya shigo ya dube ni sai ya kama nasa hancin ya faɗi kan gado yana dariya.

A rana ta huɗu Inna ta ƙwanƙwasa. Na durƙusa ina jiran hukunci. Ta daɗe tana gyara bakin zaninta.

"Malam ya aiko ni. Ya ce Allah ya yi miki albarka, shekara da shekaru yana haɗiye jininsa bai sani ba. Sannan ya ce a tambaye ki wata mas'ala." Na ga kafaɗunta na rawa, tana danne dariya. "Wai a littafin naku, dole sai da hannun suruka ake matsewa, ko mutum zai iya da nasa?"

Na ce, da ƙyar, nasa ma ya isa.

"Haka ya yi zato," in ji ta. "Kwance kayan nan ki fito, taliya na jiranki."

Tun daga ranar, duk wanda haɓo ya kama a gabana, yaro ko babba, ina faɗa masa abin da zai yi dalla-dalla. Amma kafin in buɗe baki, sai na fara kai hannuwana baya na riƙe ɗaya da ɗaya.