San Alhaji Ba Ya Cin Harawa

Allah Ya ja zamanin Alhaji Labaran na Kurfi, Sarkin Maiƙo, wanda ko tari ya yi sai ka ji ƙamshin man shanu! Tun da gyaɗa ta yi kuɗi ya daina bai wa talaka hannu. Kan yatsu biyu yake miƙowa, su ma sai ranar Juma'a.

Shekarar samun mulkin kai ya turke wani sa don nunin amfanin gona na Dutsin-Ma. A tsakiyar kasuwa ya rantse in san bai zo na ɗaya ba, zai tuɓe rawani. Baki dai shi ke yanka wuya.

"Harawa da dusa cimar shanun matsiyata ce," in ji shi. "Sana abin da nake ci zai ci. Da me na yi wannan tumbin? Da ciyawa?"

Aka shiga ɗura wa bawan Allah man gyaɗa, safe kwalba, yamma kwalba. Kafin wata ya daina tuƙa, zawo ya ɓalle, tozo ya kwanta. Alhaji ya ce ai hassada ce, a ƙara man shanu.

Da sa ya kasa tashi, aka ɗauko malamin dabbobi. Ya ce a tumbin kowace saniya akwai 'yan halittu da ido ba ya gani, su ke narkar mata da ciyawa, man da ake ɗura masa kuwa ya shaƙe su.

"Ƙwari? A cikin sana? Kai, yaro, san da wa kake magana!"

Magani ɗaya ne, in ji malamin: a zaro tuƙa daga bakin saniya mai lafiya, a tura wa san tun da ɗuminta, don ya samu sababbin 'yan halittun. Shanu duk sun tafi mashekari, can wurin kiwo mai nisa, saura ƙwamusasshiyar saniyar Kulu mai fura, wadda Alhaji ya hana sha a rijiyarsa.

Kulu ta ce, "Bismilla, Alhaji. Amma da hannunka za ka zaro."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar kasuwa ce kuwa, kowa ya ga Sarkin Maiƙo durƙushe, hannu har gwiwa a bakin saniya, yawu na bin hannun rigarsa.

Sa ya tashi, ya koma harawarsa, ya je Dutsin-Ma ya zo na ƙarshe. Rawani ya sauka.

Yanzu Alhaji ya zama mutumin mutane, hannu gaba ɗaya yake miƙowa. Mutanen Kurfi ne ke ba shi yatsu biyu.