Rasuwar 'Yar Ingila, Kwalbar Hawayen Rafali Dabo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu jajawur, ni Dabo Abdulsalami, malamin wasanni kuma alƙalin ƙwallo a garin Keffi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwalbar maganin idona, wadda a gida muke kira 'Yar Ingila. Ta cika ranar Juma'ar da ta wuce a kan tagar ɗakina da ke unguwar Yara, tana kife a kan bakinta.

Marigayiyar ta shigo ƙasar nan cikin aljihun kwat ɗina a farkon shekarar nan ta ƙarin albashin Udoji, da na dawo daga kwas a Ingila. Ta zo tare da tagwayen gilashi ƙanana kamar farcen jariri, irin waɗanda ake mannawa a kan ƙwayar ido. Na saye su ne don in huta da 'yan kallo, waɗanda kowane hukunci na yanke sai su yi ihu, "Rafali, goge tabarau!"

Likitan can ya leƙa idona ya ce hawayena ba su da maiƙo, da sun fito sai su bushe. Gilashin kuwa kan danshi yake zama, in babu sai ya riƙa gugar ido kamar tsakuwa. Likitan ne ya haɗa ni da ita, ya ce in riƙe ta da daraja.

Mai kunya ce, ba ta da surutu. Iyakar maganarta "ɗis" a dama, "ɗis" a hagu, sai in ga lambar rigar ɗan wasa daga waccan ragar. Ba ta taɓa yi mini yaji ba. Mun je Akwanga tare a kan Besfa, mun je Lafiya, duk zafin rana ba ta yi ƙorafi ba.

Alheri ne ajalinta. Da ciwon afolo ya shigo unguwa, maiɗakina Zubaidatu ta ɗiga wa maƙwabciyarmu Huraira. Na yi mata bayani cewa wannan ba maganin afolo ba ne, hawaye ne kawai aka ɗura a kwalba. Ta ce, "Malam, ɗigo ɗaya ne fa, ba za ta ji ba." Huraira ta warke don lokacin warkewarta ya yi, ta fita ta ba da labari. Ashe in na tafi makaranta har daga Jigwada ake zuwa. Marigayiyar ta rame ban lura ba. Ranar Juma'a, ana gobe wasan ƙarshe tsakanin Yara da Sabon Gari, na matsa cikinta ta ce "fuss". Maganarta ta ƙarshe ke nan.

Washegari na shiga fili da busassun idanu. Kafin a tafi hutun rabin lokaci, ƙwallo ɗaya biyu nake ganinta. Mataimakina Manasseh ya ruga wajen mai tsire ya dawo da rabin albasa, ya ce, "Oga, shaƙa wannan." Na shaƙa. Hawaye suka ɓalle, amma hawayen albasa ruwa ne zalla, ba sa zama, sai na yi ta ƙari. A haka Gamaliel, kyaftin ɗin Sabon Gari, wanda bai taɓa karɓar hukunci ba tare da rigima ba, ya kwashe ƙafar ɗan wasan Yara. Na ɗaga masa jan kati hawaye na zuba har gemu. Ya tsaya ya dube ni, ya rungume ni ya ce, "Ya isa, Baba, ban san abin zai taɓa ka haka ba." Ya fita salin alin. Aka tashi lafiya, ba jifa.

Ta rasu ta bar tagwayen gilashi, suna kwance cikin gidansu sun ƙi aiki, da tsohon tabarau mai ƙafar zare wanda ya koma bakin aiki yana fahariya, da usur ɗaya. Zubaidatu ta nemi a ba ta gawar ta zuba kwalli, iyali sun ƙi.

Za a binne ta ranar Lahadi bayan la'asar, gindin lemon da ke bayan gida. Masu jan ido su zauna nesa. Duk mai tafiya Jos ko Kaduna ya gan ni kafin ya tashi, ina cigiyar ƙanwar marigayiyar. Ana kuma roƙon masu zuwa ta'aziyya kowa ya taho da hawayensa, domin na maigida ba sa kaiwa kumatu.