Yadda Za Ka Ɗauki Ɗan Amininka Aiki Ido Na Ganin Ido

Kai shugaban ma'aikata, matso kusa. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci ɗan amininka zai samu aiki ko da bai taɓa riƙe sifana ba. Haka Radovan ya yi, shugaban ma'aikatar da ke dumama gidajen garinmu a kudancin ƙasar Sabiya, lokacin da ya nemi makaniki kafin sanyi.

1. Sa Turanci a talla

Kada ka rubuta "ana neman makaniki", wannan ai sai masu gidan burodi. Rubuta recruitment. A ƙamus, ɗaukar ma'aikata take nufi. A garinmu kuwa, an riga an ɗauka.

2. San wanda ba a ce wa a'a

Milutin ne kum ɗin Radovan, wato wanda ya tsaya masa ranar aure. Ya shigo da kwalbar zuma, ya ce, "Kum, ga ɗana Nebojsa. Shekararsa talatin da biyar, aiki bai taɓa ɓata masa hannu ba." Wa ya isa ya mayar da zumar kum?

3. Ɗinka sharuɗɗa daidai jikinsa

Nebojsa kamun kifi kawai ya iya. Sai talla ta ce ana son mai haƙurin zama kusa da ruwa.

4. Yi ganawa, ka ɗaure fuska

Wata mai suna Slavica ta zo neman aikin, shekara goma sha biyu tana gyaran irin injinan ma'aikatar.

"Yallaɓai, famfo na biyu mai tura ruwan zafi yana tari, tun daga ƙofa na ji shi. In na rasa aikin nan Jamus zan tafi, in bar 'ya'yana wurin uwata."

Radovan ya ji kunya ta taso masa, ya kora ta da kofi. "Bar takardunki, za mu kira ki."

Haddace wannan jimla, ita ce rabin shugabanci.

5. Tanadi bargo

Watan Janairu famfo na biyu ya mutu murus. Nebojsa ya zagaya shi sau uku, ya ce, "Kawu, ina jin lalacewa ya yi." Gari ya daskare. Tsohuwar Radovan tana shan miya da safar hannu, ta daina amsa gaisuwarsa.

Radovan ya nemo lambar Slavica a Jamus. "Ƙanwata, ki rufa mini asiri, ki dawo ko na sati guda."

"Ayya, Yallaɓai. Turo takardunka, za mu kira ka."

Gargaɗi: duk wanda ya bi shawarar nan ya daskare, babu ruwan marubuci. Ni ma kum ɗina ne ya samo mini aikin rubutun.